Kofur Na'Allah a Bencin Gaba

Ranar da Na'Allah ya shigo kwalejinmu da akwatin ƙarfe a kai, ina zaune a gindin dalbejiyar bakin ofis, na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Ina da ikon yin dariyar, domin mijin yayata Batulu ne, kuma tsakanin mutum da ƙanin matarsa ba a zuwa gaban alƙali. Mutum ne da ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga shi cikin farar riga da wandon 'yan makaranta, an danne su da dutsen guga har karin yana neman yanka hannu. Yana tafe yana ɗan jan ƙafar hagu, amma ƙirji a gaba kamar mai zuwa fareti.

"Kofur," na ce, "wa ka rako?"

"Kaina na rako, Malam Abu," ya ce. "Daga yau in ka shigo aji zan miƙe maka, to ka ci zamaninka. In muka haɗu a gida sai ka nemi wurin ɓuya."

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa ke nan, kuɗin mai ya shigo, kowane ƙauye yana kukan a kawo masa malami. Ni ina koyar da labarin ƙasa a wata kwalejin horon malamai a gefen Kazaure, can ƙarƙashin duwatsu. Na ga ɗalibai iri-iri a wurin, amma ban taɓa ganin wanda ya sha wuya a kan benci kamar mijin yayata ba, kuma ba karatun ne ya ba shi wuyar ba.

Na'Allah mutumin Gwiwa ne, ɗan manoma. Ya shiga soja ana gab da samun mulkin kai. Masu son su kare shi suna cewa gyaɗa ce ba ta yi ba a shekarar, shi ya sa ya tafi. Ni dai na san abin da na sani. Batulu ta haifi ɗansu na fari, aka sa masa Muhammadu Lawal, kuma a gidajenmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Uba ba ya kama sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. Uwa ma haka, in da mutane ko nono ba ta ba shi sai ta kauda kai. Ranar suna uban yakan sulale ya tafi gona ko wani ƙauye, sai taro ya watse ya dawo. To, shi Na'Allah da ya sulale bai tsaya ko'ina ba sai Zariya, inda ake ɗaukar soja. Na sha gaya masa cewa kowa yana jin kunyar ɗan fari, amma shi kaɗai ne kunya ta sa wa kaki.

Da aka yaye yaron sai aka ba Sama'ilu, wan Na'Allah, da ke zaune a Roni, wanda Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Can ya girma, can ya shiga firamare, aka rubuta shi Muhammadu Lawal Roni, kamar yadda ake yi a lokacin, sunanka sai garinku. Batulu in dole ta kama ta yi maganarsa sai ta ce "ɗan Roni". Na'Allah kuwa "yaron Sama'ilu" yake cewa. In ya zo hutu daga bariki yakan kai tsaraba Roni, yaron ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa yana duban katanga. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Na taɓa ganinsa ya auna tsawon takalmin yaron da kara a ɓoye, hutu na gaba ya dawo da sabo, ya miƙa wa Sama'ilu ya ce wai tsinta ya yi da araha.

A soja ya je Kwango, ya dawo, daga baya aka yi yaƙin basasa da shi tun daga farko har ƙarshe. A bariki ya koyi karatun boko, wurin wani Saje Bartholomew, mutumin kudancin Zariya, wanda ya ɗauke shi kamar ƙani. Shi ya matsa masa ya yi ta zama jarrabawar soja ɗaya bayan ɗaya. Saje Bartholomew bai dawo daga yaƙin ba. Na'Allah ya dawo, da guntun ƙarfe a cinya, kunnen dama kuma a toshe, ko ganga aka buga masa ta wannan gefen sai dai ya ga hannun makaɗi.

Lokacin da aka tashi rage sojoji, kamar yadda ya ba mu labari, an tara su aka ce kowa ya zaɓa. Mai son kafinta ko tuƙi ko kiwon kaji za a koya masa. Wanda kuma yake da takardar jarrabawa yana son makaranta, gwamnati za ta biya masa, ta ba shi littattafai da ɗan alawus har ya gama. Amma dama ɗaya ce. Wanda ya shiga ya fita da ƙafarsa, ko aka kore shi, ya yi wa kansa. Abokansa kusan duk tuƙi suka zaɓa, don a lokacin mai tuƙa tirela ya fi malamin makaranta kwarjini a wurin 'yan mata da iyayensu. Na tambaye shi me ya kai shi ga alli.

Ya ce a hutunsa na ƙarshe ya fita kasuwar Gwiwa ya sayi alewa, ya tarar da yara suna wasa a ƙofar gida, ya miƙa musu. Suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Ashe iyayensu mata da sunansa suke tsorata su, in yaro ya ƙi wanka a ce ga soja nan zuwa. Ya tsaya da alewar a hannu har ta narke.

"Abu, na gaji da a guje ni," ya ce. "Ina so kafin in mutu in zauna a wurin da yara za su zo da kansu. Ina so a ce mini Malam."

Wannan maganar ta shige ni, ban ko yi masa ba'a a kanta ba, abin da ba kasafai nake bari ya wuce ni ba.

Ya nemi kwalejinmu don ita ce kusa da gida. Ya san yaron Sama'ilu yana nan a aji uku, amma lissafinsa shi ne za a sa shi aji ɗaya, ya riƙa zagayewa ta bayan gini in ya hango shi. Sai aka yi masa gwaji, takardun Saje Bartholomew suka yi aikinsu fiye da yadda ake so, aka ce ya wuce aji ɗaya da biyu. Aji uku kuwa ɗaki ɗaya ne, domin sababbin azuzuwan da ake ginawa ko kwano ba a rufa musu ba.

Shugaban kwalejin, Mista Julius, mutumin Binuwai ne, bai daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya ɗaure mu. Ya duba ya ga Na'Allah Gwiwa, ya ga Muhammadu Lawal Roni, gari daban, suna daban, me zai sa ya yi zaton komai? Da ya ji tsohon sojan ba ya ji da kunne ɗaya, sai ya ce a sa shi a bencin gaba, a zaunar da ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari ta gefen kunnensa mai lafiya, ya riƙa maimaita masa abin da ya wuce shi. Ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a ajin tun daga aji ɗaya Lawal ne, kuma shi ne monita.

Na tafi ofis da kaina na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan biyun uba ne da ɗa."

Fuskarsa ta yi haske. "Uba da ɗa? Madalla! Ai ka ƙara mini ƙarfin gwiwa. Wa zai taimaki uba fiye da ɗansa? A garinmu da an yi rawa."

Na yi ta zagaye-zagaye ina neman yadda zan fahimtar da shi, na ga kamar ina auna ruwa da rariya. A ƙarshe ya ce to, in ɗayansu ya zo ya ce ba ya son zaman, zai raba su. Na fito na san an gama. Wanda zai kai ƙara ai sai ya buɗe baki ya ce wane ɗana ne, ko wane ubana ne, kuma a cikinsu babu mai iya wannan.

Haka suka zauna zango guda. In na shigo aji sai in ga Na'Allah a can bakin benci, rabinsa a kan katako rabinsa a iska, ya ba yaron kafaɗa. Lawal kuma a ɗaya bakin, kai a sunkuye. Tsakaninsu fili ne da mutum biyu za su zauna su miƙe ƙafa. In Lawal yana kiran suna da safe, ya zo kan na ubansa, sai ya yi tari ya wuce. In malami ya yi shifta wata kalma ta kuɓuce wa Na'Allah, yaron ba ya juyawa. Sai ya duƙa kan littafinsa ya maimaita kalmar da ɗan ƙarfi, kamar mai yi wa kansa bita, uban kuma ya rubuta kamar daga sama ta faɗo masa. 'Yan ajin suka fara raɗe-raɗi, wasu sun gane, wasu suna cewa tsoron soja ne.

Ta fuskar ladabi Na'Allah ya ba kowa kunya. Shi ne farkon zuwa, shi ke share gaban aji tun kafin masu shara su iso, in malami ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shigo yakan miƙe ya ƙame har sai an ce ya zauna. Lissafi yana ja da shi, Turancinsa na bariki ne, mai ba da umarni ya fi mai bayani yawa a ciki. Amma yana ciza yana hurawa, ba ya fashi. 'Yan ajin suka sa masa Gemu, saboda gemu ba ya hana ilimi, shi kuma ya karɓa da hannu biyu.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne Lawal ya daina ɗaga hannu. Yaron da a da in na yi tambaya sai na roƙe shi ya bar wasu su gwada, yanzu ko na kira shi sai ya miƙe ya ce bai sani ba. Na ɗauka nauyin zama kusa da uba ne, zai wuce. Da aka yi jarrabawar ƙarshen zango, muka dawo daga hutu aka liƙa sakamako a allon sanarwa, daga na ɗaya zuwa na kashin baya yadda aka saba, sai na nemi sunansa a sama ban gani ba. Na bi da yatsa har ƙasa. Na'Allah yana can kusa da gindi, Lawal kuma yana ƙarƙashinsa, dab da shi.

Mista Julius ya kira ni ya ce ɗan yayata ya lalace, kuma dokar kwaleji ita ce wanda ya faɗi zango biyu a jere ya kama gabansa. Raina ya ɓaci matuƙa. Na sa aka kira mini Lawal gidana da la'asar, na yi niyyar wanke shi tas. Ya zo ya tsuguna a bakin tabarma.

"Kai, wane shaiɗani ne ya shiga kanka?" na ce. "Takardarka ta labarin ƙasa ni na duba. Tambayar da ka koya wa 'yan ajinku bara ita ka bari fayau."

Ya daɗe yana wasa da bakin tabarmar kafin ya ce, "Kawu, allon nan duk wanda ya zo wucewa karantawa yake yi. Masu kawo itace ma tsayawa suke a karanta musu. Ta yaya za a rubuta ni a sama, Baba na Gwiwa a ƙasa? Da wane ido zan shiga Roni?"

"To sai ka yi ta faɗuwa har a kore ka?"

"Ba sai an kore ni ba. Na ji za a ɗauki soja a Kano bayan salla. In na tafi, shi sai ya yi karatunsa a sake. Ni yaro ne, ina da lokaci. Shi tasa damar ɗaya ce."

Faɗan da na tanada ya bi ruwa. Yaro ya auna ƙoƙarin ubansa, ya rage nasa daidai yadda zai zauna a ƙarƙashinsa, kuma wannan ma sai mai kai zai iya. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin mu manya da muka koya masa wannan ladabin ba mu koya masa inda yake tsayawa ba.

Ranar Asabar da hantsi na hau kekena na tafi ɗakin da Na'Allah ya kama haya a cikin gari. Na same shi a ƙofa yana goge takalmi. Na ce, "Gemu, na zo taya ka murna, ka kayar da na ɗayan aji." Bai yi dariya ba. Ashe ya ga allon, kuma ya fi ni saurin ganewa. Da na gaya masa zancen soja sai burushin ya tsaya a hannunsa.

"Jibi zan kai wa Mista Julius littattafansu," ya ce. "Gonar ubana tana nan. Ba a kaina za a kashe wa Sama'ilu yaro ba."

"Ka kai," na ce. "Sai yaron ya zauna a aji kowa yana nuna shi, ga wanda ya kori ubansa daga makaranta. Kana ganin zai kwana nawa? Ka tafi ya tafi, ka zauna ya tafi. Kun sa ni a tsakiya, gaba kura baya sayaki."

Ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli. Can ya ce a yaƙi an taɓa ba su wani laftana, yaro ƙarami, ko gemu bai fara ba. Tsofaffin sojoji suna raina shi. Wata rana suka ɓace a daji, ruwa yana zuba, yaron ya buɗe taswira ya ce a bi nan. Suka bi shi suna gunaguni, suka fita.

"Da ya ji kunyar furfurarmu ya koma baya, da yanzu ba ka da abokin wasa," ya ce. Ya ajiye takalmin. "Amma wancan ba ɗana ba ne, Abu. Da baki nake gaya masa."

"Wannan ma kana da baki," na ce.

Ya dube ni kamar na zage shi. Na hau kekena na tafi, ban san me zai yi ba, kuma na fi zaton littattafan zai mayar.

Ranar Litinin darasina ne na farko a aji uku. Na shiga na gan shi a bakin bencinsa, na ce to, bai kai ba tukuna. Na rataya taswira, na tambayi abin da ya sa ruwan sama ya fi yawa a kudu fiye da nan wajenmu. Aji ya yi tsit. Na'Allah ya sha wannan ruwan a jikinsa shekara da shekaru, amma dalilinsa bai zauna masa ba tukuna. Lawal ya san amsar kamar sunansa, ya kafa ido a kan benci.

Sai na ji an buga ƙafa a ƙasa. Na'Allah ya miƙe, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci yaron, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife shi. Ya buɗe murya irin ta filin fareti, wadda ta sa tantabarun kan rufi suka tashi.

"Muhammadu Lawal!"

"Na'am!" Yaron ya zabura ya miƙe, bai ma san ya miƙe ba.

"Ka ba kawunka amsa. Kuma in na ƙara ganin sunanka a ƙarƙashin nawa a allon can, ban yafe ba."

Ya koma ya zauna, wannan karon a tsakiyar bencin. Gumi yana bin wuyansa. Mutumin da aka ce ko a bakin wuta ba ya razana. Lawal ya ba da amsar, hawaye yana sauka a kan rigarsa, ya kawo iskar da ke tasowa daga teku, ya bi da ita har inda take gajiya kafin ta iso mana. Ni kuwa na juya ga taswira na yi ta gyara mata zama, alhali ba ta karkace ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai Gwiwa da Roni. Dattawa suka ce ai dama, wanda ya daɗe a bariki kunyarsa a can yake barinta. Sama'ilu ya fi kowa jin ciwo. A ganinsa ƙaninsa ya kama sunan yaron a bainar jama'a ne don ya nuna ya karɓe kyautarsa. Ya daina zuwa Gwiwa, damina biyu ba su haɗa ido ba, sai da Lawal ya gama ya ɗauki takardar shaidarsa ya kai Roni ya ajiye a gaban Sama'ilu kafin kowa ya gani, sannan zuciyar tsohon ta sauko. Batulu ma ta yi fushi, ta ce ya tona mata asiri a gaban 'ya'yan mutane. Ta tambaye ni ko ni na zuga shi, na ce ni wa, yaushe soja yake jin maganar mai alli.

Ba na cewa al'adar banza ce. A cikinta na tashi, kuma ni ma ban taɓa kama sunan 'yata ta fari ba. Na san abin da take karewa, tana hana mutum ya yi taƙama da abin da Allah ya ba shi, tana kuma ba ɗan'uwa marar ɗa rabo a cikin naka. Na'Allah ma bai yar da ita ba. Sau ɗaya ɗin nan ne ya taka ta, daga ranar ya koma "yaron Sama'ilu" har ƙarshen ransa. Abin da ya canza kawai shi ne filin da ke tsakiyar benci. Lawal ya riƙa maimaita masa darasi a kunne kai tsaye, shi kuma yana gyaɗa kai yana duban allo.

Suka gama tare. Lawal ne na ɗaya, daga baya ya wuce jami'a. Na'Allah ya tsallake da ƙyar, kamar akuya a kan gada, amma ya tsallake. Aka tura shi wata firamare a ƙauyen Babura, kusa da iyaka, inda rabin iyayen yaran da sefa, kuɗin ƙetaren iyaka, suke cefane. Ya roƙi a ba shi aji ɗaya, ajin da kowane malami yake gudu saboda kuka da majina. Na kai masa ziyara sau ɗaya na same shi a gindin bishiya, yaro ɗaya a kan cinyar da ke da ƙarfen, wani yana ja masa gemu, sauran suna ihun baƙaƙe ta gefen kunnen da ba ya ji. Bulala ko ɗaya babu a wurin. Wata 'yar ƙarama ta zo da gudu tana cewa, "Malam, Malam, ga wani baƙo." Ya dube ni ta saman kanta, ya ɗaga gira, na sallama masa don ya ci wannan.

Daga baya aka dawo da shi Gwiwa, ya koyar da 'ya'yan waɗanda suka guje masa da alewa. Ya rasu da damina, kafin a yanke mana jiharmu daga Kano, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Ana cikin zaman makoki na shiga cikin gida wurin Batulu. Mata sun ɗan ragu, tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi, ta lulluɓa. Lawal yana zaure da Sama'ilu da sauran maza suna karɓar gaisuwa, lokacin shi ma ya zama magidanci da 'ya'yansa. Na zauna kusa da ita. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abu, ran nan a ajinku. Kai kana wurin."

"Ina wurin, Yaya."

"Yaya abin ya fito a bakinsa?"

Shekara da shekaru tana fushi da wannan ranar, ashe tambayar tana cikinta. Ita da ta ɗauki cikinsa, ta yi naƙudarsa, ba ta taɓa ɗanɗana sunan a harshenta ba. Na fara ba ta labari, ta girgiza kai.

"Ba labari na ce ba. Faɗa mini yadda ya faɗa."

Na duba hagu da dama, na ce Allah ya sa kada a ce Malam Abu ya zautu a gidan mutuwa. Na miƙe, na buga ƙafa a ƙasa, na tattaro iyakar muryar da tsufa ya bar mini.

"Muhammadu Lawal!"

Daga zaure, ta bayan katanga, muka ji an amsa da ƙarfi, "Na'am!" Sai ƙarar buta da aka yi tuntuɓe da ita, sai ga shi ya faɗo cikin gida ba takalmi, hula a karkace, yana waige-waige. Ya gan ni a tsaye, ba ubansa ba. Ya tsaya cak, na ga abin da ya zo nema ya bar fuskarsa a hankali.

Batulu ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna motsi. Ta cikin mayafin ta ce mini, "Ce wa ɗan Roni ya zauna. Tun safe bai ci komai ba."

Ya zauna a bakin tabarmarta, ta tura masa kwanon abinci da gefen hannu tana duban katanga, ni kuma na fita na bar su.